Kafin ka haɗa wa obin ɗin gas na'urar daidaita zafi

Mai gasa burodi ko fiza a Maiduguri zai iya daidaita zafin obin da Arduino da ma'aunin zafi samfurin K da MAX6675. Burodi na son wajen digiri 200, fiza irin ta Italiya kuwa sama da 400.

Amma ka nemi bawul ɗin gas mai rufe kansa idan aka ɗauke wuta, domin lantarkin garin nan ba shi da tabbas. Ka kuma sa na'ura daban mai yanke gas da zarar harshen wuta ya mutu. Don Allah kada ka bar wa Arduino wannan aikin. Ka nisanta allon Arduino daga jikin obin, zafin Afrilu kaɗai yakan haura digiri 40. Haɗa bututun gas kuwa, kira ƙwararre ya yi.