Kafin annoba ta sake rufe get: shawara ga kwamitin rukunin gidaje

Ranar Lahadi 29 ga Maris 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi jawabin kulle Abuja da Legas da Ogun na kwana 14 saboda korona. A lokacin ni ne sakataren ƙungiyar mazauna wani ƙaramin rukunin gidaje a gefen Abuja, irin waɗanda ake zagayewa da katanga a sa musu get ɗaya. Tun kafin a gama jawabin shugabanmu ya kira ni ya ce daga jibi a datse get da magariba, kada a bar kowa ya shiga ko ya fita. Ban ja da shi ba, na tura sanarwa. Kwana biyu da fara dokar tamu, wata ma'aikaciyar jinya da ke haya a cikinmu ta taso daga aiki wajen ƙarfe tara na dare. Ta yi ta hon, maigadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, Ciyaman ya ce ko wane ne." Ta ce, "Baba, a nan fa nake kwana." Ya ce ya sani, amma makulli na hannun Ciyaman, shi kuma ya kashe waya. Haka ta zauna cikin mota da kayan asibiti a jikinta har aka je aka buga masa ƙofa. Gwamnatin Tarayya ta cire ma'aikatan lafiya daga dokar kulle, mu kuwa da ba kowan kowa ba mun hana ta shiga ɗakinta.

Daga nan shawarata ta farko ta fito: kwamiti ya san iyakar ikonsa. Shugaban ƙasa ma sai da ya jingina da Dokar Killacewa ta 1926 kafin ya hana mutane zirga-zirga, domin sashe na 41 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin tafiya inda ya ga dama. A Amurka, inda tsarin ƙungiyar masu gidaje ya fi kafuwa, tun wajen sayen gida mutum ke sa hannu kan ƙa'idojin unguwa, shi ya sa ƙungiya ke iya cin tararsa har ta ɗora bashin a kan gidan. Yawancin namu ba haka suke ba. Mutane ne suka taru saboda ɓarayi ko lalacewar taransifoma, suka zaɓi wanda ya fi surutu ko ya fi kuɗi ya zama shugaba. Abin da irin wannan kwamiti zai iya shi ne ya aiwatar da umarnin hukuma a bakin get, ya kuma tafiyar da kayan da aka haɗa kuɗi aka saya. Hana mutum shiga gidansa, ko yanke masa ruwa don an ji yana tari, ko korar baƙonsa da ƙarfi, duk ba hurumin kwamiti ba ne, kuma ranar da aka haɗu da mai lauya za a gane haka a kotu.

Don haka a rubuta komai tun ana lafiya, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ƙungiyarku ba ta da rajista, ku je Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ku yi ta a matsayin ƙungiya mai amintattu ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020. Amfaninta na kusa shi ne asusun banki da sunan ƙungiya, kuɗin jama'a ya daina kwana a asusun ma'aji. Sannan ku duba kundin ƙungiyar ku ƙara masa shafi ɗaya kan halin ko-ta-kwana: wa ke da ikon yanke hukunci idan taro ya gagara, har nawa zai iya kashewa ba tare da ya tambayi kowa ba, kwana nawa hukuncin zai yi kafin a sake duba shi, kuma yaya za a kaɗa ƙuri'a ta waya. Ni dai a ganina kada a bar wa mutum ɗaya. Mutum uku sun isa, kuma in akwai likita ko nas ko ma'aikacin lafiya a cikinku, dole ya zama ɗaya daga ciki. Duk dokar gaggawa ta mutu da kanta bayan kwana 14 sai in an sabunta ta a fili. Mu wata dokar hana masu talla shigowa da muka kafa a Afrilun 2020 ta kai mu har bayan babbar salla, don kawai kowa ya manta wanda ya kafa ta.

Maganar kuɗi ita ce mai zafi. Da aka rufe kasuwanni, kuɗin gadi da na shara suka tsaya cak. Ma'aikacin gwamnati albashinsa na shigowa, amma tela da mai shagon kayan waya da malamar makarantar kuɗi ba su ga ko kwabo ba. A taronmu na farko ta waya wani ya kawo shawarar a rage masu gadi daga huɗu zuwa biyu, a kuma liƙa sunayen waɗanda ba su biya ba a bakin get. Duka biyun kuskure ne. Maigadi shi ne wanda ya fi kowa cuɗanya da jama'a a wannan lokaci, shi ke karɓar saƙo, shi ke buɗe wa motar ruwa, iyalinsa kuma suna can Zamfara ko Maraɗi suna jiran abin da zai aika. Ka sallame shi a watan da ba motar da za ta kai shi gida, ka jefa shi titi ke nan. Liƙa sunaye kuwa tonon asiri ne, kuma wanda aka kunyata a gaban 'ya'yansa ba ya sake biya da daɗin rai.

Ga yadda ya kamata a yi. A jera kashe-kashen ƙungiya bisa muhimmanci: albashin masu gadi da masu shara a sama, sai man janaretan rijiyar burtsatse, sai kwashe bola. Fenti da gyaran kwalbati da walimar ƙarshen shekara su jira. Masu hali a roƙe su su biya na wata uku gaba ɗaya. Wanda ya gaza ya gaya wa ma'aji a asirce, a rubuta masa bashi ba tara, a kuma sa ranar da za a sake magana. Bayan haka, yanzu da ake cikin sauƙi, a fara ware wani abu daga kuɗin kowane wata, ko da kashi ɗaya cikin goma ne, har a tara abin da zai biya albashi da man wata uku. Ma'aji ya riƙa tura hoton bayanin banki duk ƙarshen wata. Ba abin da ke sa mutane su saki kuɗi cikin tsanani kamar ganin inda na baya ya shiga.

Ruwa kuwa kada a taɓa wasa da shi. An yi ta cewa a wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, amma da me za a wanke idan famfo ya bushe? Bokiti mai famfo da sabulu a bakin get ya fi ƙaton allon sanarwa amfani, da sharaɗin a sa wa wani takamaimai alhakin cika shi, in ba haka ba kwana uku zai zama wurin ajiye tsintsiya. Kuma annoba ba korona kaɗai ba ce. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya bisa alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC, sama da 3,000 suka rasu, yawancinsu a Arewa. A 2023 mashaƙo ya addabi Kano. Rukunin gidajen da ke shan ruwa daga tanki ɗaya, idan tankin ya gurɓata kowa ya sha. A riƙa wanke shi a kan lokaci, a rufe bakinsa, a kuma duba ko sokawe ɗin wani gida na yoyo kusa da rijiyar.

Sai ranar da aka ce wani ya kamu. A nan ake gane kwamiti mai hankali. Mu da abin ya same mu, kafin azahar hoton gidan mutumin ya zaga wayoyi, an yi masa jan zagaye. Matarsa ta aiki yaro sayen burodi, mai shago ya ce ya ajiye kuɗin a ƙasa ya ja baya. Bayan wannan, duk wanda ya ji zazzaɓi a cikinmu sai ya yi shiru ya sha farasitamol ya ci gaba da fita, wanda shi ne ainihin abin da ke yaɗa cuta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: mutum ɗaya, zai fi kyau ma'aikacin lafiyar nan na kwamiti, shi ne za a gaya wa. Shi zai kira hukumar lafiya, shi zai sanar da waɗanda suka yi hulɗa da mara lafiyan kai tsaye. Sauran jama'a abin da ya shafe su kawai shi ne a ce an samu wanda ya kamu, a ƙara kula. Ba suna, ba lambar gida. A kuma tsara wanda zai riƙa ajiye wa gidan cefane da ruwa da katin wuta a bakin ƙofa har su gama kwanakin killacewa, ya kuma kira su kullum ya ji ya jiki. Dubiya ta waya ma dubiya ce.

Zauren WhatsApp a raba shi biyu. Ɗaya na sanarwa, sakatare da shugaba kaɗai ke rubutu a ciki. Ɗayan na hira, can masu maganin lemon tsami da tafarnuwa da masu cewa 5G ce ta kawo cutar sai su baje kolinsu. Dattijan da ba sa duba waya a kai musu takarda ko a kira su.

Akwai mutanen da kwamitoci ke mantawa da su saboda ba su da ƙuri'a. A rukunin gidaje da yawa masu gidan suna wani gari, 'yan haya ne ke zaune, su ke biyan kuɗin gadi, amma ba a kiransu taro. Dokar da za ta hana mutum baƙo ko ta canja masa lokacin shigowa, dole a ji ta bakinsa ko da gidan ba nasa ba ne. Haka 'yan aiki da direbobi da masu wanki da ke kwana a ɗakunan baya, da masu gadin gidajen da ba a gama ginawa ba. Cuta ba ta tambayar takardar fili. Idan za a raba takunkumi ko sabulu ko hatsi, da su za a fara lissafi. Azumin 2020 ya kama ranar 24 ga Afrilu ana tsaka da kulle, kuma abin da ya fi komai gyara zamanmu a shekarar shi ne buhunan shinkafa da gero da aka haɗa aka raba da daddare, ba hoto, ba jerin sunayen masu bayarwa.

Batun masallaci da coci a bar wa liman da fasto su bi abin da hukuma da shugabannin addini suka tsayar. Kwamitin da ya sa hannu a wannan zai tayar da rigimar da za ta daɗe bayan cutar ta wuce. Mai unguwa da DPO na 'yan sandan yankin kuwa a san su tun yanzu, a ajiye lambobinsu a ɗakin maigadi tare da ta asibiti mafi kusa da ta mutum biyu masu mota da suka yarda a tashe su cikin dare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, kuma na san yawancin ƙungiyoyi sun koma gardamar kuɗin taransifoma. Idan kai shugaba ne ko sakatare ko ma'aji, ka sa abu uku a ajandar taronku mai zuwa: shafin ko-ta-kwana a kundi, asusun wata uku, da makullin get na biyu da zai riƙa kwana a hannun maigadi.