Gyaran mako biyu ba ya sauke hawan jini

A aikina na duba marasa lafiya a nan Kucheri, wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mutumin da tsoro ya kama. An auna jininsa an ga ya haura 140 bisa 90, ko kuma ya ji an kwashi maƙwabcinsa zuwa Asibitin Yariman Bakura da ke Gusau, ɓarin jiki ya shanye. Nan take sai ya hana a sa masa gishiri ko ƙwaya ɗaya, ya bar shayi, ya fara sassarfa da asuba. Kafin wata ya cika miya ta gundure shi, gwiwoyi sun yi tsami, ya koma gidan jiya. Wani har maganin yake ajiyewa, wai ai ya ji sauƙi. Hawan jini kuwa sau da yawa ba ya sa ciwo ko kaɗan, yana nan yana cin zuciya da ƙoda a ɓoye.

Shi ya sa nake roƙon mutane su ɗauki abin da za su iya riƙewa shekara da shekaru.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babba zai ci a yini ya kai giram 5, wato kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi. Abin da nake gaya wa iyayenmu mata shi ne: Inna, in huɗu kike jefawa a tukunya, koma uku. Bayan 'yan makonni ki koma biyu, ki ƙara daddawa da citta da tafarnuwa. Harshe yana sabawa, yara ma ba za su lura ba. Haka sukarin mai shayi da na fura, a rage cokali ɗaya tukuna.

Motsa jiki kuma minti 150 ake so a mako, wato rabin awa sau biyar. Da damina mai noma ya wuce haka nesa ba kusa ba. Matsalar tana rani, lokacin zaman majalisa da hawa babur ko da zuwa bakin kasuwa ne. Rashin tsaro ma ya raba da yawa daga cikinmu da gonakin nesa, kuma ba zan ce wa kowa ya fita bayan gari da duku-duku ba. A yi tafiyar cikin gari. A je masallacin da ya ɗan fi nisa da ƙafa, da sauri-sauri, tare da aboki, domin ranar da kasala ta zo shi zai ƙwanƙwasa ƙofa. Matan da ke cikin gida, daka da shara da zagaya tsakar gida duk suna cikin lissafi, in dai numfashi ya ɗan ɗaga.

Wanda aka ɗora wa magani, don Allah kada ya tsayar da shi da kansa. In kuɗin ne suka gagara, ko maganin yana sa jiri ko tari, ya zo da kwalinsa mu duba tare, akwai wanda za a iya canza masa.