Ƙudan Tsando da 'Yan'uwansa

Duk yaron da ya tashi a birnin Zariya ya san ƙuda. Ya san ƙudan gida mai sauka a kan tuwo, ya san bobuwa mai cizon dawaki da damina. Amma akwai wani ƙuda wanda yaran yanzu ba su cika ganinsa ba, alhali kuwa kakanninsu sun sha wuyarsa ƙwarai. Shi ne ƙudan tsando. A da, wanda ya fita ƙofar gari ya nufi rafukan da ke zuba cikin kogin Galma, ba zai rasa gamuwa da shi ba.

Tsando ba ya cin kome sai jini, namijinsa da macensa duka. In ya ciji mai ciwo ya koma ya ciji mai lafiya, sai ya zuba masa wasu ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. Su ke kawo wa mutum ciwon barci, 'yan'uwansu kuma su ke kawo wa shanu sammore. Wani likita, David Bruce, shi ya tabbatar a 1895 cewa ta bakin tsando dabbobi ke ɗaukar wannan cuta.

To, yaya a ke gane shi? Girmansa bai fi na ƙudan gida da yawa ba, saboda haka girma ba shaida ba ne. A dubi fikafikansa sa'ad da ya sauka. Ƙudan gida da bobuwa su kan bar nasu a ɗan buɗe, amma tsando ya kan ɗora ɗaya bisa ɗaya, kamar almakashin da tela ya rufe. Sa'an nan bakinsa a miƙe ya ke gaba kamar allura. Wannan kaɗai ba ta isa ba, gama akwai wani ƙuda mai cizon dabbobi a turke wanda shi ma bakinsa a miƙe ya ke. Shaidar da ba ta ƙarya tana cikin fiffike. In aka ɗaga shi wajen haske, sai a ga jijiyoyinsa sun zana siffar gatari a tsakiya. Ba wani ƙuda da ke da wannan gatari sai tsando.

Haihuwarsa ma abin mamaki ce. Macen ba ta yin ƙwai a juji kamar ƙudan gida. Ta kan goyi tsutsa guda ɗaya tak a cikinta, tana ciyar da ita, sai bayan kwana 9 ko 10 ta ajiye ta a ƙasa mai taushi a inuwa. Nan da nan tsutsar ta nutse cikin ƙasa, ta yi ɓawo mai tauri, ta yi kamar wata guda, kana ta fito ƙuda. Ku riƙe wannan magana ta inuwa, domin za a komo kanta.

Tsando iri-iri ne, sun fi 20 a Afirka. Uku ne suka fi damun ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Masana na kiransu falfalis, da takinoidis, da mositans. Don sauƙi, sai a ce da su baƙin tsando, da ƙaramin tsando, da tsandon daji.

Baƙin tsando ba shi da wuyar ganewa, gama bayan cikinsa duhu ne kusan duka. Wuyar tana wajen sauran biyun. Ƙaramin tsando da tsandon daji duk suna da zane-zane baƙaƙe a kan ciki mai ɗan rawaya, wanda ya kalle su da gaggawa sai ya rantse iri ɗaya ne. A nan sai a ɗauko madubin ƙara girma a dubi ƙafar baya. Ƙarshen ƙafar yana da gaɓoɓi 5 ƙanana. In duka biyar ɗin baƙaƙe ne, kamar wanda ya sa safa, to, ƙaramin tsando ke nan. In kuwa biyu na ƙarshe kaɗai suka yi baƙi, kamar mace ta ƙunsa lalle a yatsu ta bar sauran ƙafa, to, tsandon daji ne. Akwai kuma waɗansu iri da suka yi kama ƙwarai, har sai an sa wutsiyar namijin a ƙarƙashin madubin likita kafin a raba su.

Wani zai ce, ina amfanin ƙidayar gaɓoɓin ƙafar ƙuda? Amfanin babba ne, gama kowane iri da mazauninsa. Tsandon daji ya kan bazu cikin dawa, yana bin gadu da sauran namun daji, shi ne babban abokin gāban Fulani makiyaya. Sauran biyun kuwa ba su nisa da bakin ruwa. Su kan fake cikin kurmi, su sha jinin kada da guza, su kuma jira mai ɗiban ruwa da mai wanki a mashigi. Su ne masu baza ciwon barci. Da rani, in suka rasa inuwa, zafi ya kan kashe su, su da tsutsotsinsu.

Ga abin da wannan sani ya yi a ƙasar Zazzau. Cikin shekarun 1930 likitoci suka duba mutanen gundumar Anchau, gabas da Zariya, suka tarar kusan mutum 1 cikin 3 yana da ciwon barci. Wani masanin ƙwari, Dakta Nash, ya san tsandon da ke ɓarnar na bakin rafi ne, watau ba sai an sare dawa duka ba. A 1937 aka fara aiki. Aka bi rafuka ana sassabe kurmin bakinsu, cikin wani yanki mai tsawon kamar mil 70 da faɗin kamar mil 10. Aka haƙa rijiyoyi masu siminti don kada mata su riƙa zuwa rafi. Aka tattaro mutanen ƙananan ƙauyuka wuri guda, domin sassabe aiki ne na kowace shekara, mutum kaɗan ba su iya shi. Aka gina sabon gari, aka sa masa suna Takalafiya. Ba kowa ne ya ji daɗin barin kufan kakanninsa ba, wannan gaskiya ne. Amma ƙudan ya janye, ciwon ya ragu, har shanu suka zauna inda a da ba su iya zama.

A 1947 aka kafa ma'aikatar binciken ciwon barci da sammore a Kaduna, tana nan har yau. Yawan noma da feshin magani sun kori tsando daga yawancin ƙasar da ke kewaye da Zariya, ciwon barci kuma ya zama abin da ba a cika ji ba. Amma ƙudan bai ƙare ba. A gandun dajin Yankari, cikin Jihar Bauchi, ana samun irin nan uku, sammore kuma tana nan tana taɓa shanu a wurare da dama. Shi ya sa ma'aikata su kan kafa tarko na shuɗin ƙyalle da baƙi a bakin rafuka, gama tsando na son waɗannan launuka. Kowane ƙuda ya faɗa ciki, sai a duba fiffikensa, a duba cikinsa, a ƙidaya baƙaƙen gaɓoɓin ƙafarsa, a rubuta sunansa da sunan rafin a littafi.