Tsakanin "Ya Zube" da "An Zubar": Nazarin Kalmomin Ciki da Hujjojin Hana Zubar da Shi

Gabatarwa

A gidan hayar da na tashi a Sabo Yaba ɗakuna goma sha biyu ne ke kallon juna, famfo ɗaya, madafa ɗaya, saboda haka da wuya wani abu ya ɓoyu. Ina aji biyar na sakandare, wata yarinya sa'ata da muke zuwa Islamiyya tare ta kwanta ciwo ran Talata. Cikin dare aka ɗauke ta zuwa asibiti jini na zuba, kafin Juma'a an kai ta makwancinta. A zaman makoki na ji labarin rasuwarta iri uku. Mahaifiyarta cewa take ciwon ciki ne. Matan gidan idan sun koma madafa sai su rage murya su ce ɓari ta yi. Kakata kuwa tana cikin waɗanda suka yi mata wanka, da muka koma ɗaki na tambaye ta, sai ta ce: "Ke 'yar nan, ɓari na Allah ne. Wannan zubar mata da shi aka yi. Rai biyu aka rasa a gidan nan."

Sai da na fara karatun nahawun Hausa na gane cewa abin da Kaka ta faɗa a wannan dare darasi ne na aikatau. Wannan maƙala za ta dubi kalmomin da Bahaushe ke amfani da su a kan ciki, kamar yadda na ji su a bakin matan Sabo da na Zangon Agege, sannan ta auna su da hujjojin da ake kawowa na hana zubar da ciki.

Mace mai ciki mutum nawa ce?

Bahaushe mai kunya ne, ba ya son ya ce wa mace tana da ciki gatsau. Sai ya ce tana da juna biyu. Kalmar juna ba ta zama sai da ɗan'uwa, domin ba a taimakon juna ko ganin juna da mutum ɗaya. Addu'ar da ake yi wa mai ciki ma haka take: "Allah ya raba lafiya." Ba a raba abu ɗaya da kansa. Idan wata ya kama sai a ce "Allah ya sauke ki lafiya", idan ta haihu a ce ta sauka, kamar wadda ta ɗauko amanar wani ta kai inda aka aike ta. Abin da ke cikin mahaifa kuma sunansa ɗan tayi, wato tun bai fito ba an riga an kira shi ɗa.

Wannan ita ce hujja ta farko, kuma ba daga littafi aka ɗauko ta ba. Duk mai jin Hausa, ko ya yi karatu ko bai yi ba, yana lissafa mai ciki a matsayin mutum biyu a maganarsa ta yau da kullum.

Zube da zubar

A shekarar 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatan Hausa cikin giredi bakwai, tsarin da har yau ake koyar da mu. Mu ɗauki saiwar zub-. Ana samun zuba a giredi na 1, zube a na 4, zubar a na 5, zubo a na 6. Sai mu dubi waɗannan jimloli:

(a) Cikin ya zube.
(b) Ta zubar da cikin.
(c) Cikin ya ɓare.
(d) Ta ɓarar da cikin.

A (a) da (c) ciki shi ne a gurbin aikau, kuma babu hannun kowa. Abu ne ya auku, shi ne ɓari, ana yi wa mai shi jaje. A (b) da (d) ciki ya koma karɓau, an sami wani da ya yi niyya ya aikata. Paul Newman ya yi bayanin cewa giredi na 5 yakan nuna nesanta abu daga mai aikatawa, kamar a sayar da, fitar da, jefar da, yar da. Mu lura da irin abubuwan da ake zubarwa a Hausa: shara, ruwan wanke-wanke, abincin da ya lalace. Idan aka haɗa wannan aikatau da abu mai daraja, zargi ne yake fitowa, kamar a "ya zubar da mutuncinsa" ko "ya zubar da jini". "Zubar da ciki" a wannan layi yake. Harshen ya riga ya yanke hukuncinsa tun kafin malami ya buɗe littafi.

Hujjar addini

Mafi yawan Hausawan Legas Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, don haka hujja ta biyu daga can take. Suratul Mu'minun, aya ta 12 zuwa 14, ta jera matakan halittar ɗan Adam a mahaifa, daga ɗigon maniyyi zuwa gudan jini, zuwa tsoka, zuwa ƙashi. Hadisi na 4 cikin Arba'una Hadisi na Nawawi, wanda Abdullahi ɗan Mas'udu ya ruwaito, ya nuna kwana 40 sau uku ne, sannan a busa rai. Daga nan malamai suka sami iyakar kwana 120. Bayan wannan iyaka mazhabobi huɗu sun haɗu a kan haramci, sai fa idan ran uwa ne ke cikin haɗari. Kafin iyakar akwai saɓani: wasu malaman Hanafiyya sun sassauta idan da uzuri, amma mashahurin zance a Malikiyya shi ne haramci tun daga shigar ciki, ko da bai kai kwana 40 ba. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami da ke Makka ta halatta cire ciki kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar nakasar da ba ta da magani.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda fiƙihu ya ba ɗan tayi haƙƙi irin na mutum. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamai daga Agege har Sakkwato, wanda ya yi sanadin faɗuwar ciki zai biya gurra, kimar dinari 50 ko dirhami 600, kuma rabon gado ake yi da ita. Idan magidanci ya rasu ya bar mata da ciki, akan dakatar da rabon gado sai ta haihu. Ba a tsayar wa mai ciki haddi sai ta sauka, kuma an yarje mata ta sha azumi idan ta ji wa cikin tsoro. Duk wannan tanadi ne aka yi wa wanda ba a ga fuskarsa ba tukuna.

Talauci da kunya

Dalilai biyu na fi ji a unguwarmu. Na farko talauci, kuma a Legas ba abin wasa ba ne: ɗaki ɗaya, 'ya'ya biyar, kuɗin haya na shekara, kuɗin makaranta. Alƙur'ani ya ambaci wannan dalili da sunansa a Suratul An'am aya ta 151 da Suratul Isra'i aya ta 31, ya hana kashe 'ya'ya saboda talauci ko tsoronsa. Masu iya magana ma sun ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Sai dai wanda ya jawo wa mace wannan karin magana ya kamata ya tuna cewa ta hannun mutane abincin yake zuwa.

Na biyu kunya, kuma ita ce ta kashe ƙawata. Hausawan Legas baƙi ne a garin wasu, kowa ya san gidan kowa, kuma kafin motar Kano ta tashi daga Agege labari ya riga ta isa gida ta waya. Iyaye sukan ga gara a rufa asiri. Amma idan muka auna, laifin farko an riga an yi shi, kuma ƙofar tuba a buɗe take. Zubar da cikin laifi ne na biyu, kuma wanda zai biya shi ne kaɗai mara laifi a cikin lamarin. Suratut Takwir ta ambaci jaririyar da aka binne da rai, za a tambaye ta da wane zunubi aka kashe ta. Malaman tafsiri sun ce gudun kunya yana cikin abin da ya sa Larabawan jahiliyya suke yin haka.

Ina aikau ya shiga?

A nan ne nahawu ya tona mana asiri. Mu dubi wannan jeri:

(e) Ya yi mata ciki.
(f) Ta yi cikin shege.
(g) An zubar mata da cikin.

A (e) namiji ne aikau, mace an yi mata ne. Da magana ta fara yawo a unguwa sai ta koma (f), namijin ya ɓace daga jimlar ɗungurungum, kuma sunan zagi ya faɗa kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. A (g) kuwa wakilin suna an ya lulluɓe mutane da yawa: saurayin da ya ba da kuɗi, uwa ko gwaggon da ta raka ta, mai kemis ɗin da ya ba da ƙwaya. Kaka da ta ce "aka yi" ta san su waye, ta zaɓi ta sakaya.

Akwai wata sakayawar kuma. Ɓatan wata ana faɗarsa ne idan al'ada ta tsaya, sai a je neman "maganin ɓatan wata" alhali an san abin da ake nufi. Wankin ciki aiki ne na halal da likita ke yi wa wadda ta yi ɓari don kada ragowar jini ta cuce ta, amma sau da yawa an ari sunan an yafa wa wani aikin. Mutum ba ya canza wa abu suna sai zuciyarsa ba ta natsu da sunansa na gaskiya ba.

Doka da halin da ake ciki

Dokar Nijeriya ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran uwa. A kundin laifuffuka na Kudu, sashe na 228 zuwa 230 sun tanadi ɗaurin shekara 14 ga wanda ya zubar, 7 ga macen da ta zubar da nata, 3 ga wanda ya kawo kayan aikin. A Arewa dokar Final Kod ta yi magana a kai daga sashe na 232. Jihar Legas ta yi nata kundin a 2011. A watan Yunin 2022 ma'aikatar lafiya ta jihar ta fitar da jagora ga likitoci kan cire ciki a inda doka ta yarda, amma bayan ƙorafin shugabannin addini Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya dakatar da ita a watan Yuli.

Duk da wannan hani, binciken cibiyar Guttmacher ya ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Nijeriya a 2012, wato 33 cikin kowace mace 1,000 'yan shekara 15 zuwa 49. Masu neman a sassauta doka da wannan suke kafa hujja. Suna cewa hani bai hana ba, ya dai tura mata hannun 'yan baranda, kuma suna tambaya a kan wadda aka yi wa fyaɗe. Adalci ne mu yarda maganarsu tana da nauyi, domin ƙawata a irin wannan hannu ta mutu. Amma ni abin da na fahimta daga mutuwarta shi ne, ba asibiti ta rasa ba a farkon lamari. Ta rasa mutum ɗaya da zai ce mata "haife shi, za mu riƙe".

Magabata sun san haka. Hausa tana da "ciki ya kwanta", wato kwantaccen ciki. Likitoci ba su yarda ciki yana kwanciya shekaru ba, amma malaman Malikiyya sun ba wa bazawara rata mai tsawo wadda za a jingina ɗanta ga tsohon mijinta. Wannan yana cikin hujjojin da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Jihar Katsina ta dogara da su ta sallami Amina Lawal ranar 25 ga Satumba, 2003. Shari'ar da ta tsananta a kan zubar da ciki ita ce kuma ta nemo wa uwa da ɗa mafaka.

Kammalawa

Mun ga cewa juna biyu da raba lafiya suna shaida rai biyu, giredi na 4 da na 5 sun bambanta ƙaddara da ganganci, kuma fiƙihu ya ba ɗan tayi haƙƙi tun yana mahaifa. Mun kuma ga yadda ta da an suke sauke laifi daga kan namiji da dangi su ɗora wa yarinya ita kaɗai. Ina tare da masu cewa zubar da ciki ba tare da larura ba kuskure ne babba. Amma mu da muke cewa ɗa na kowa ne, idan muka ci gaba da kiran yaro shege muna korar uwarsa daga gida, to muna cikin wannan an ɗin.

Ga ɗan aiki ga 'yan'uwa ɗalibai. Idan aka tafi hutu, kowa ya zauna da tsofaffin garinsu ya rubuto kalmomin ciki, ɓari da haihuwa a karin harshensu, na Sakkwato ne ko Katsina ko Zazzau ko Damagaram, ya lura a kowace jimla wa aka sa a gurbin aikau, wa aka ɓoye. Sai mu kwatanta a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.