Lissafin Tsawon Kwanan 'Yan Adam

Mun sani ajali na Allah ne, ba mai ƙara wa kansa ko da yini guda. Amma masana sukan tara yawan haihuwa da mutuwa na ƙasa, su fitar da matsakaicin shekarun da jaririn da aka haifa a cikinta zai yi. Wannan ilmi ya faro ne a Ingila, inda John Graunt ya bi takardun mutuwa na birnin London, ya buga littafinsa a 1662.

Ga yadda lissafin yake. A ce an haifi yara 10 a ƙauye ɗaya, 4 suka rasu tun suna goye, 6 suka kai shekara 60. In an tara shekarunsu za a sami 360, in an raba su gida 10 kowa ya tashi da 36. To, kun ga ba wanda ya mutu yana ɗan shekara 36 a cikinsu. Saboda haka in mun karanta cewa wajen 1900 matsakaicin kwanan mutanen duniya shekara 32 ne, kada mu zaci a lokacin ba tsofaffi. Akwai su. Mutuwar ƙananan yara ce ta ja lissafin ƙasa.

A 1950 lissafin ya kai wajen 46, a 2019 kuwa wajen 73. Dalilan wannan ba boyayyu ba ne: ruwan sha mai tsabta, da isasshen abinci, da lamba, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta. Edward Jenner ya soma lambar agana a 1796, a 1980 aka ba da sanarwa an kawar da cutar daga duniya ɗungum. A 1990 yara wajen miliyan 12 da rabi suka rasu ba su cika shekara 5 ba, a 2022 kuwa ba su kai miliyan 5 ba.

Annoba kuwa takan mai da hannun agogo baya. Murar 1918, wadda kakanninmu suka kira marisuwa, an ƙiyasta ta kashe mutum wajen miliyan 50. A Amurka lissafin ya faɗo daga 51 zuwa 39 cikin shekara guda, don samari da 'yan mata ta fi ɗauka. Korona kuwa tsofaffi ta fi ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ta jawo mutuwar mutum wajen miliyan 15 a 2020 da 2021, lissafin duniya ya sauko zuwa wajen 71. A 2023 ya koma wajen 73.

Sai dai rabon bai zo daidai ba. A Japan lissafin ya kai wajen 84, a Nijeriya da Cadi kuwa yana tsakanin 50 da 60. Zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ƙyanda, waɗanda an san rigakafinsu, har yanzu suna ɗaukar yaranmu.

Mu da za mu fita koyarwa, wajibi ne mu gane wannan sarai. Yaron da muka koya masa tafasa ruwan sha da wanke hannu, gobe shi ne mai gidan da zai kai 'ya'yansa a yi musu lamba. Neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. Allah ya raya mana zuriya, amin.