Nasiha Ga Mai Neman Fedar Koras Domin Bes

Na daɗe ina gyaran kayan sauti a nan Rayfield, a Jos, ba nisa da gidan rediyo da talabijin na Jihar Filato, kuma a cikin wannan sana'a na ga hasarar da wutar lantarki ta jawo, na ga wadda ruwan sama ya jawo, na ga ta ganganci; amma wadda ta sa na ɗauki alƙalami yau hasara ce da wani bawan Allah ya ɗora wa ɗan'uwansa yana sane, saboda kwaɗayin abin da bai taka kara ya karya ba.

Wani saurayi ne maraya, wanda yake tuƙa keke napep tsakanin Terminus da Bukuru, ranar Asabar kuma ya kaɗa bes a wata ƙungiyar makaɗan biki. Yaro ne mai kunne, mai ladabi, wanda ya yi wata da watanni yana tara abin da ya samu domin ya mallaki fedar koras, tun da ya ji yadda take sa sautin bes ya yi faɗi da sheƙi a waƙoƙin da ake tafiya da su a hankali. Da kuɗin suka cika, maimakon ya tambayi waɗanda suka riga shi, sai ƙaddara ta kai shi shagon wani ɗan ba-ni-na-iya a cikin gari, mutumin da shekaranjiya cajar waya yake sayarwa, yau kuma ya wayi gari ana kiransa injiniya. Ya ɗauko masa fedar gita, ya sa mata batir, ya gwada masa ita da gita a wata 'yar amfilifaya, ya ce masa, “Ai feda feda ce, ta gita da ta bes uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.” Sa'an nan, wai don ya nuna karamci, ya yi masa gyara da wata adafta ta dikoda, saboda kawai bakinta ya shiga ramin.

Ranar bikin, a wani zaure a nan unguwarmu, da yaron ya taka fedar, sai bes ya shiga kumbura yana sacewa, wani bugun ya fito, wani ya nutse, har mai ganga ya riƙa waiwayowa yana neman abokin tafiyarsa. Mai kula da miksa, wanda bai san abin da ake ciki ba, ya yi ta ƙara wa layin bes ƙarfi. Can batir ya yi sanyi, yaron ya sunkuya ya jona adaftar nan, sai ga ƙaurin ƙuna, sauti kuma ya ɗauke ɗif, alhali amarya na tsakiyar fili. Cikin ruɗewa ya zare waya daga fedar ya cusa ta kai tsaye, ba wanda ya tuna da ƙarfin da aka ƙara a miksa, kuma bugun farko da ya yi ya yaga lasifika. Shugaban ƙungiya ya ɗora masa kuɗin gyara, ya sa wani a gurbinsa.

Yaron ya kawo mini fedar a cikin baƙar leda. Da na kwance ta, na tarar sunan babban kamfani ne a bayanta, amma cikinta jabu ne: dalma ta taru guri-guri, dayod ɗin kariya ya tsage ya yi baƙi, kafasita ta kumbura. Ya ce, “Baba, za ta gyaru?” Na ce, “Ɗana, ko ta gyaru, ba ta aikinka ba ce.” Wallahi ban ji daɗin faɗa masa haka ba, domin na ga idonsa ya ciko.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan mas'ala ba sabuwa ba ce, kuma masu ƙera kayan sun warware ta tun yaron bai zo duniya ba. Kamfanin Roland na Japan ya fitar da amfilifayar Jazz Chorus a 1975, a 1976 kuma aka ciro wannan sauti aka sa shi a fedar Boss CE-1. Da aka lura cewa abin da ya yi wa gita kyau yana cinye gindin bes, sai aka yi CE-2B a 1987, aka biyo ta da CEB-3 a 1995, wadda take da maɓallin Low Filter domin a bar ƙananan sautuka yadda suke. MXR Bass Chorus Deluxe tana da X-Over mai rage girgizar daga Hz 100 zuwa ƙasa, haka nan Bass Clone ta Electro-Harmonix tana da irinsa. Tsirkiyar E ta bes tana kaɗawa kusan sau 41 a sakan guda, ta B a bes mai tsirkiya biyar kusan sau 31, kuma idan aka haɗa irin wannan sauti da kwafinsa wanda aka jinkirta ana kuma karkaɗa shi, lalle ne su riƙa cin juna. Bes shi ne harsashin ginin kiɗa, kuma ba a yi wa harsashi ado da rawa.

Na san za a ce mini Peter Hook, wanda ya kaɗa bes a ƙungiyoyin Joy Division da New Order a Ingila, ya yi suna da koras wadda ba don bes aka yi ta ba. Gaskiya ne, amma shi can saman wuyan bes yake kaɗa karin waƙa. Kai kuwa da aka ɗauke ka domin ka riƙe ƙasa tare da babbar ganga a gidan biki, hukuncinka daban ne.

Kada ka sayi koras wadda ba ta da hanyar kare ƙananan sautuka. Kada ka biya kuɗi sai ka gwada ta da bes ɗinka, a babbar lasifika, a kan tsirkiya mafi kauri. Wanda ya hana ka gwaji, bar masa kayansa.

Adafta kuwa, na gaji da nanata maganarta, amma zan sake. Galibin waɗannan fedoji bolt 9 suke ci, tsakiyar bakin kuma negatif. Adaftar dikoda da ta na'urar intanet galibi bolt 12 ce, tsakiyarta fozitif. Shigar baki cikin rami ba hujja ba ce. A duba zanen da ke jikin feda, a duba na jikin adafta, in ba su yi daidai ba a haƙura. Kuma ku masu shago, ku ji tsoron Allah: sayar da jabu da sunan na asali algus ne, ba wa mutum abin da ka san zai ƙona masa kaya cin amana ne, alhakin lasifikar nan da na aikin da maraya ya rasa yana wuyan wanda ya ce feda feda ce.

Su ma makaɗan ba su kuɓuta daga zargina ba. Akwai mai kallon bidiyo ɗaya a YouTube ya zo ya murɗe maɓallan Depth da Rate har ƙarshe, ya bar feda a kunne tun daga waƙar farko har a tashi, sa'an nan ya kawo mini ita wai ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau. Akwai mai jona bakin fita biyu a miksa, alhali kayan zauren mono ne, kuma a wasu fedoji haɗa su wuri guda yana kashe koras ɗin baki ɗaya. Feda ta hannu ba laifi ba ce, muddin an buɗe an ga cikinta. A zare jak daga bakin shiga idan an gama, domin barinsa yana shanye batir. Kada a jona komai sai janareta ya daidaita. Da hunturu kuma a rufe feda a cikin jaka, domin ƙurar Jos tana shiga maɓallai ta sa su riƙa ƙara, kuma man injin ɗinki da wasu ke ɗiga musu yana ƙara tara ƙurar ne.