Darasi na Shida: Gugar Zana a Cikin Fim ɗin Bridesmaids

Ba kullum ne ma'anar zance take zaune cikin kalmominsa ba. Mu ɗauki misalin Bridesmaids, fim ɗin barkwanci na Amurka wanda Paul Feig ya ba da umarninsa, ya fito a shekarar 2011. Lillian ta zaɓi aminiyarta ta ƙuruciya, Annie, ta zama babbar ƙawar amarya, sai ga Helen, sabuwar ƙawa mai hannu da shuni. A walimar baiko suka riƙa karɓe makirufo daga hannun juna, kowace tana koɗa amarya. A zahiri yabo ne, a baɗini kuwa kowace nuna wa 'yar'uwarta take yi cewa ita ta fi kusa da amarya. Mai fassarar da ya bi kalmomi kawai, ya zubar da abin dariyar.

Jinga: Kawo jimloli uku na yabo masu ɗauke da gugar zana.